Asubar Likoro: Ina Muka Kai Albarkar Sammako?

Ina neman a ba ni aron wannan fili domin in tofa albarkacin bakina a kan wani al'amari da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, wanda kuma na lura ba kasafai marubutanmu ke waiwayarsa ba, kasancewar hankalin kowa ya karkata ga siyasa da tsadar rayuwa. Wannan al'amari kuwa shi ne yadda muke buɗe yininmu, wato abin da muke yi da ɗan lokacin nan da ke tsakanin ketowar alfijir da hudowar rana. Mai karatu zai iya ganin abin ƙarami ne, amma ina roƙon ya yi haƙuri ya biyo ni zuwa ƙarshe, sa'an nan ya yanke hukunci.

Abin da ya zaburar da ni ga wannan rubutu shi ne wata ziyara da na kai gida Likoro, cikin Ƙaramar Hukumar Kudan ta Jihar Kaduna, a tsakiyar hunturun da ya gabata. A daren farko na ji ladan ya yi kiran assalatu, na tashi na yi alwala da ruwan da ke neman tsinke yatsu, na nufi masallacin unguwarmu. Da aka tayar da salla sai na ga sahu ɗaya ma bai cika ba, kuma in ka ɗebe mutum biyu ko uku, duk sauran masu furfura ne, wasu har da sandar dogarawa a jingine a bango. Wannan masallaci shi ne wanda da magariba sai an shimfiɗa tabarmi a waje, shi ne kuma wanda a goman farko na watan azumi ake rasa wurin sa ƙafa da asuba. Ke nan mutanen suna nan, ba ƙaura suka yi ba. A hanyata ta komawa gida na gifta wani zaure da samari ke kwana, na hango su ta hasken tocila a jere, kowa ya ƙudundune, wani ma wayarsa na kan ƙirjinsa tana ta magana ita kaɗai. Ban sake ganin fuskokinsu ba sai da hantsi ya dubi ludayi.

Kafin in ɗora wa kowa laifi, wajibi ne in fara da kaina, domin ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ni ma da nake wannan rubutu, akwai safiyoyi masu yawa da hannuna ya riga harshena farkawa: kafin in ambaci Ubangijin da Ya mayar mini da raina, na riga na lalubo waya a ƙarƙashin matashi, na ga wanda ya zagi wani a Facebook, na ga gawarwakin da aka yaɗa a WhatsApp, na ji farashin da ya tashi a kasuwa. Kafin in kai ga buta zuciyata ta riga ta cika da fushi da fargaba, kuma da wannan zuciyar zan tsaya gaban Mahaliccina, da ita zan gaisa da iyalina, da ita zan fita nema. Don haka wannan maƙala nasiha ce ga kaina kafin kowa, kuma gyara kayanka bai taɓa zama sauke mu raba ba.

Duk wanda ya tashi a wannan yanki namu na Kudan da Makarfi da Ikara shekaru talatin ko arba'in da suka wuce ya san cewa a da gari yakan farka tun kafin ya waye. Ana sallame sallar asuba za ka ji muryoyin yara daga makarantar allo, sun kewaye wutar kara suna biya karatu, malam na zaune da carbi a hannu yana gyara wa wannan yana ƙara wa wancan. Daga cikin gidaje kana jin ƙarar taɓarya da turmi, iyayenmu mata sun riga sun yi salla sun hura wuta, ƙamshin koko da ƙosai ya gauraye lungu. Manomi ya saɓi fartanyarsa tun raɓa ba ta bushe ba, mai lambu ya gangara fadama domin ban-ruwa, masu matse rake su dafa mazarƙwaila sun tayar da wutarsu. Dattawanmu ma na ba mu labarin ayarin fatake da ke ratsa wannan ƙasa tsakanin Zariya da Kano, waɗanda madugu kan tayar da su daga zango tun da jijjifi, a yi salla, a yi addu'a, a ɗaura wa jakuna kaya, domin a ci rabin tafiya kafin rana ta yi zafi. Rayuwar gaba ɗayanta a kan asuba aka gina ta, shi ya sa Malam Bahaushe ya ce da safe ake kama fara.

Wannan ɗabi'a ba daga sama ta faɗo wa kakanninmu ba, addini ne ya dasa musu ita. A cikin Suratul Isra'i, aya ta 78, Allah Maɗaukakin Sarki Ya keɓance karatun asuba da cewa abin halarta ne, malaman tafsiri kuma suka bayyana cewa mala'ikun dare da na rana ne ke haɗuwa a wannan lokaci. Imamu Muslim ya ruwaito cewa raka'o'i biyun nan na nafila da ake yi kafin farillar asuba sun fi duniya da abin da ke cikinta daraja, ya kuma ruwaito cewa wanda ya sallaci asuba ya shiga cikin kariyar Allah. Abu Dawuda da Tirmizi sun kawo hadisin Sahabi Sakhru Algamidi, inda Manzon Allah (SAW) ya roƙa wa al'ummarsa albarka a cikin sammakonta. Abin lura a nan shi ne, shi wannan Sahabi ɗan kasuwa ne, kuma bai tsaya ga ruwaito hadisin kawai ba, sai ya riƙa aika hajarsa tun da farar safiya, har ya zama mai dukiya mai yawa. Ga mu 'yan Malikiyya kuwa, a cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik akwai labarin ranar da Sayyidina Umar ya rasa Sulaimanu ɗan Abu Hasma a sahun asuba, ya bi ta gidansu ya tambayi mahaifiyarsa Shifa'u, ta ce ya kwana yana nafila ne barci ya rinjaye shi. Umar ya nuna mata cewa shi a wurinsa samun jam'in asuba ya fi masa tsayuwar dare sukutum. To, idan wanda ya kwana yana salla bai tsira daga tuhumar Umar ba, ina ga wanda ya kwana yana kallon TikTok?

Wani abin farin ciki shi ne wannan batu na daga cikin 'yan abubuwan da babu saɓani a kansu tsakaninmu. Ɗan Tijjaniyya yana da laziminsa na safe, ɗan Ƙadiriyya yana da wuridinsa, ɗan Izala yana da azkar ɗinsa da yake karantawa daga Hisnul Muslim, kuma tun kafin a haifi kakannin kakanninmu Imamu Nawawi, wanda ya rasu a shekarar 676 bayan Hijira, ya tattara addu'o'in safiya da maraice a littafinsa Al'azkar. Hatta maƙwabtanmu Kirista da muke zaune tare da su a garuruwan Ikara da Makarfi da Wusasa suna da al'adar tara iyali domin addu'ar safe kafin kowa ya kama gabansa. Da a ce rabin ƙarfin da muke ɓatawa wajen jayayya a kan saki da ƙabalu mun juya shi ga tayar da 'ya'yanmu sallar asuba, da masallatanmu ba su zama na tsofaffi ba.

Bari mu ɗan yi lissafi, domin wanda wa'azi bai ratsa shi ba wataƙila ƙidaya ta ratsa shi. A wannan yanki na ƙasar Zazzau, alfijir yakan keto ne tsakanin wajen ƙarfe biyar saura kwata a farkon damina zuwa wajen biyar da rabi da 'yan mintoci a ƙarshen hunturu, kuma tsakaninsa da fitowar rana akwai kimanin sa'a ɗaya da kwata. Idan ka tara wannan sa'a ɗaya da kwata a kwana 365, za ka samu sa'o'i 456, wato daidai da yinin aiki 57 na mai aikin sa'a takwas a rana. Kusan wata biyu ke nan na aiki a kowace shekara, wanda mai barcin asuba ke zubarwa a kan tabarma, ban da sa'o'i biyu ko uku da yakan ƙara bayan rana ta fito. Yaron da ya riƙe wannan lokaci, ko da shafi ɗaya na Alƙur'ani yake biyawa kullum, kafin shekara biyu ya kai ƙarshen Mus'hafi mai shafi 604. Manomi kuma ya fi kowa sanin darajar wannan lokaci: da sanyin safiya ake tsinkar tumatir idan ana so ya jure tafiya zuwa kasuwannin Kudu, da safe ake feshin magani kafin iska ta tashi ta kwashe shi, da safe ake ban-ruwa kafin rana ta shanye rabinsa.

Su ma masana kimiyyar zamani sun zo sun tarar da mu a inda muka baro. A shekarar 2017 an ba wasu Amurkawa uku, Jeffrey Hall da Michael Rosbash da Michael Young, lambar yabo ta Nobel a fannin likitanci saboda gano yadda wani agogo da Allah Ya halitta a cikin ƙwayoyin jikin halittu ke aiki, wanda ke tsara lokacin barci da farkawa da zafin jiki da narkar da abinci. Babban abin da ke saita wannan agogo shi ne haske. Hasken safiya yana sanar da jiki cewa yini ya fara, haske mai ƙarfi da daddare kuwa, har da na fuskar waya, yana jinkirta fitowar sinadarin melatonin da ke kawo barci. Likitocin barci kuma suna ba baligi shawarar ya samu aƙalla sa'a bakwai a dare. Lissafin a fili yake: wanda ke son ya tashi ƙarfe biyar da kuzari, dole ya kwanta wajen ƙarfe goma. Buhari ya ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya kasance yana ƙin hira bayan sallar isha'i. Ashe maganin asuba tun daga isha'i ake haɗa shi, kamar yadda Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta.

A nan ne za mu gane ɓarawon da ya sace mana asuba. Ba da asuba ya shigo ba, da daddare ya shigo. Tun da wayar salula ta iso Nijeriya a shekarar 2001, sa'an nan intanet ta biyo baya ta shiga aljihun kowa, daren ƙauye ya daina zama dare. Wasannin gasar zakarun Turai ana fara su ƙarfe takwas ko tara na dare agogon Nijeriya, a tashi goma ko sha ɗaya, daga gidan kallo kuma a zarce teburin mai shayi a ci gaba da musu a kan ƙungiyoyin Ingila da Sifen waɗanda ba su san da zaman Likoro a duniya ba. Daga nan a koma ɗaki a buɗe fim a waya har ƙarfe biyu. Wanda ya kwanta ƙarfe biyu, ko ladan a kunnensa ya yi kira ba zai ji ba. Ba ina cewa kallon ƙwallo haramun ba ne, ko a jefar da wayoyi a rijiya, domin da wannan wayar ce manomi ke jin farashin kwandon tumatir a Legas kafin dillali ya yaudare shi. Abin da nake cewa shi ne, bawan da ka saya da kuɗinka bai kamata ya zama shi ke yanka maka lokacin kwanciya ba.

Kuma adalci ya sa in faɗa cewa ba samari kaɗai ke da hannu a kisan dare ba. Akwai masu bukukuwa da ke ɗaura lasifika su kwana suna kiɗa, akwai kuma masu shirya wa'azi ko majalisi da ke kai wa ƙarfe ɗaya na dare da amsa-kuwwa a ƙure, marar lafiya bai runtsa ba, jariri bai runtsa ba, manomin da zai yi sammako bai runtsa ba. Da asuba kuma sai ka nemi masu taron a sahu ka rasa. Malamanmu sun fi ni sanin cewa ba a gina mustahabbi a kan rushewar farilla.

Sai batu na biyu, wato godiya. Mai karatu ya taɓa tsayawa ya yi nazarin gaisuwar safe ta Bahaushe kuwa? Ana tambayar ka yadda ka kwana ka ce lafiya lau, a tambaye ka gajiya ka ce babu, a tambaye ka aiki ka ce da godiya, a tambaye ka sanyi ko ruwa ka ce lokacinsa ne ko ya yi gyara. Kakanninmu sun saƙa godiyar Allah a cikin gaisuwa ta yadda mutum ba zai isa gona ba sai ya furta ta sau goma ko fiye. A yau kalmomin suna nan a baki, amma da an gama su sai a shiga ƙorafi, daga bakin masallaci har zuwa majalisa. Alhali Tirmizi ya ruwaito cewa wanda ya wayi gari cikin aminci a gidansa, da lafiya a jikinsa, da abincin yininsa, tamkar an tattara masa duniya ne baki ɗaya. Aya ta 7 a Suratu Ibrahim kuma ta ɗaura ƙarin ni'ima a kan godiya. Hatta a Amurka, wasu masana halayyar ɗan Adam biyu, Robert Emmons da Michael McCullough, sun wallafa wani bincike a shekarar 2003, inda suka sa wani rukunin ɗalibai rubuta abubuwa biyar da suke godiya a kansu kowane mako, wani rukunin kuma ya riƙa rubuta abubuwan da suka ɓata masa rai. Bayan mako goma, masu lissafa ni'ima sun fi nuna gamsuwa da rayuwarsu da kyakkyawan zato ga abin da ke tafe, kuma sun fi ƙarancin koke-koken rashin lafiya. Abin da suka kashe kuɗi suka gano, tsohuwar da ke ƙauye ta daɗe da saninsa.

Ba zan manta da wani dattijo maƙwabcinmu ba, Allah Ya jiƙansa. A shekarar 2016, lokacin da tsutsar nan ta Tuta absoluta, wadda manoma suka laƙaba wa suna Sharon, ta cinye gonakin tumatir har Gwamnatin Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan noman tumatir, lambunsa na cikin waɗanda suka ƙone ƙurmus. Na same shi bayan sallar asuba na yi masa jaje, sai ya dube ni ya ce: "Ɗana, tumatir ne ya mutu, ba fadamar ba. Ga hannuwana, ga rijiyata, ga kuma Wanda Ya ba ni na bara yana nan." Yana gama lazimi ya saɓi fartanya ya tafi ya tuge matattun shukokin ya ƙone, ya gyara wurin ya zuba wani abin. Wasu da suka yi asara irin tasa sun shafe makonni a kwance, wasu suka sayar da gonar suka tafi birni aikin acaɓa. Godiyarsa ba ta dawo masa da tumatir ɗinsa ba, amma ta hana asarar ta cinye shi shi ma.

Na san a daidai wannan gaɓa wani zai ce: Malam, kana kiran talaka ya yi godiya alhali tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023 kuɗin mota da na injin ban-ruwa suka ninka, ga taki ya yi tsada, ga masarar da ya noma da tsadar ta zo ta faɗi a kasuwa a 2025? Anya wannan ba shi ne maganin barcin da masu mulki ke so a riƙa ɗura wa talakawa ba? Wannan tambaya ce mai nauyi, kuma ba zan kauce mata ba. Godiya ga Allah daban, yin shiru ga zaluncin bawa daban. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da almajiransa mutanen zikiri ne da tsayuwar dare, amma wannan bai hana su fitowa fili su soki harajin zalunci da cin hancin alƙalai na zamaninsu ba, har abin ya kai ga hijira zuwa Gudu a 1804. Duk shugaban da ya ci kuɗin taki ko na asibiti sa'an nan ya hau mumbari yana ce wa jama'a su yi haƙuri su gode wa Allah, ya sani cewa ya haɗa laifi biyu, sata da fakewa da addini. Ni a ganina, mutumin da ya fara yininsa da tsayuwa gaban Sarkin sarakuna shi ya fi cancanta ya dubi idon kansila ko ciyaman ko ɗan majalisa ya tambaye shi haƙƙinsa ba tare da rawar murya ba, kuma shi ya fi wuyar saye da taliya da sabulu ranar zaɓe. Wanda ya tashi da hantsi da mayen barci da yunwa, shi ne abin farautar 'yan siyasa.

Haka kuma sallar asuba ba ta maye gurbin aiki. Hadisin da ya yi misali da tsuntsaye wajen dogaro ga Allah ya nuna cewa suna fita ne da safe da yunwa su dawo da yamma a ƙoshe, bai ce suna kwana a sheƙa abinci na faɗo musu ba. Wanda ya yi asuba a sahun farko sa'an nan ya koma majalisa ya zauna gulma har azahar, ya yi sammakon bubuƙuwa. Mafi muni daga wannan shi ne wanda ya yi asuba ya fita ya cuci mutane. Mu faɗa wa kanmu gaskiya, mu mutanen lambu da kasuwa: wa bai san yadda ake jera manyan tumatir a fuskar kwando a ɓoye ruɓaɓɓu a ƙasa ba? Wa bai san mudun saye daban da na sayarwa ba, ko buhun masarar da aka zuba wa ƙasa da tsakuwa? Muslim ya ruwaito yadda Manzon Allah (SAW) ya cusa hannunsa cikin tarin abincin wani ɗan kasuwa ya ji danshi a ƙasa, ya tsawata masa, ya kuma barranta daga mai algus. Sura guda aka saukar a kan masu tauye mudu. Niyyar da ake ƙullawa da asuba ita ce a fita a nemi halal, a ciyar da iyali, kada a cuci kowa. Idan wannan niyya ba ta raka mutum zuwa kasuwar Makarfi ko ta Hunƙuyi ba, to a bakin ƙofar masallaci ya bar ta tare da ƙurar takalminsa.

Akwai kuma wani uzuri da ba zan raina ba, shi ne tsoro. A watan Oktoba na 2021 'yan bindiga sun afka wa masallata da asuba a ƙauyen Mazakuka na Ƙaramar Hukumar Mashegu a Jihar Neja. A watan Mayu na 2024 wani ya cinna wa masallaci wuta ana cikin sallar asuba a yankin Gezawa ta Jihar Kano saboda rikicin gado. A ranar 19 ga Agusta, 2025 an kashe gomman bayin Allah a harin da aka kai Unguwar Mantau ta Ƙaramar Hukumar Malumfashi a Jihar Katsina, yawancinsu a cikin masallaci da asuba. Allah Ya jiƙansu Ya karɓi shahadarsu. Mutanen da ke zaune a irin waɗannan wurare, idan suka yi salla a gida saboda tsoron rayukansu, shari'a ta ba su uzuri, kuma alhakin kowane sahu da ya watse yana wuyan waɗanda suka yi rantsuwa da Alƙur'ani cewa za su tsare rayukan jama'a. Amma mu da Allah Ya rufa wa asiri muke kwana da ido biyu rufe, mene ne hujjarmu? A sallar asuba aka soki Sayyidina Umar a Madina a shekara ta 23 bayan Hijira, kuma yana kwance cikin jini ya jawo Abdurrahman ɗan Aufu ya ƙarasa wa mutane sallar. A hanyar wannan sallar aka sari Sayyidina Ali a Kufa a shekara ta 40. Ga 'yan'uwanmu can suna begen ranar da za su fita masallaci ba tare da fargaba ba, mu kuwa an ba mu amincin muna barci a kansa. Ina jin tsoron kada rashin godiyar wannan ni'ima ya zama sanadin gushewarta.

To, mene ne abin yi? Shawarata ta farko ga iyaye ce. Uban da ke tsallake ɗansa baligi a zaure ya tafi masallaci shi kaɗai, ya sani cewa ba tausayi ya yi masa ba. A sa dokar gida cewa daga ƙarfe goma na dare a ajiye wayoyi wuri guda, uba ya fara ajiye tasa, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ta biyu ga mazaje: matanmu su ne ke riga kowa tashi, su hura wuta, su shirya yara, amma sau nawa muke rage musu aiki na minti goma domin su ma su zauna a kan sallaya su yi azkar cikin natsuwa? Nana Asma'u 'yar Shehu ta kafa tsarin 'Yan Taru ne domin ilimi da ibada su isa ga matan karkara, bai kamata a zamaninmu rabonsu daga asuba ya zama hayaƙin murhu kawai ba. Ta uku ga limamai: a sassauta tsawon karatu saboda masu sammakon gona da marasa ƙarfi, a kuma raya ɗan karatun minti goma bayan sallama, ko Ahalari ne ko Ishmawi ko Arba'una Hadisi, domin samari su samu abin da za su riƙa. Ta huɗu ga masu unguwanni da dagatai da hakimai: a zauna da masu gidajen kallo da masu bukukuwa da masu shirya wa'azi a yi yarjejeniyar lokacin kashe lasifika, a kuma tsara 'yan sintiri da fitila a bakin masallatai. Masu aikin dare kuwa, kamar direbobi da masu gadi da ma'aikatan jinya, Allah Ya san halinsu, su yi sallarsu a kan lokaci su kwanta, babu zargi a kansu.

Ga kai kuma ɗan'uwana matashi, ba na neman ka da abu mai yawa. Gwada na kwana arba'in kawai: ka kwanta da wuri, idan ka farka kada ka taɓa waya sai ka ambaci Allah, ka yi alwala, ka samu jam'i, ka zauna ka lissafa ni'imomi uku da ka wayi gari da su, ka ƙulla niyyar abu ɗaya mai amfani da za ka kammala kafin azahar, ka leƙa ka gaida mahaifanka, sa'an nan ka fita. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa mai farkawa ya ambaci Allah, ya yi alwala, ya yi salla, yakan wayi gari da nishaɗi da wankakkiyar zuciya, wanda bai yi ba kuwa yakan tashi da kasala da ƙuncin rai. Bayan kwana arba'in ka auna da kanka, ka dubi aljihunka da zuciyarka da zamanka da mutane.

A ranar da zan baro Likoro na sake zuwa wannan masallaci, na tarar da dattawan nan a wurarensu, kowa a inda ya saba tsayawa shekara da shekaru. Na dube su na tambayi kaina: nan da shekara goma, idan ƙasa ta rufe idanunsu, wa zai tsaya a waɗannan wurare? Wannan tambaya ce na bar wa kaina da mutanen garinmu da duk mai karatu, ko a Kano yake ko a Katsina ko a Maraɗi. Allah Ya ba mu ikon gyarawa, Ya sanya albarka a sammakonmu, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya sa mu cika da imani. Amin summa amin.

Daga Likoro, Ƙaramar Hukumar Kudan, Jihar Kaduna.